ADDU'A BA TA HANA ZUWA ASIBITI

'Yan'uwa cikin Ubangiji, lokaci ya yi da za mu faɗa wa juna gaskiya. Idan ɗan'uwa ya karye a ƙafa, babu mai gardama, asibiti za a kai shi. Amma idan gwauruwar da aka kashe wa miji a rikici ta daina barci, ta daina cin abinci, ko ƙofa aka buga sai ta firgita, sai mu ce bangaskiyarta ce ta yi sanyi, mu ɗora mata azumin kwana uku. Wadda ba ta cin abinci za a ƙara wa azumi? Wannan sakaci ne, ko da sunan ruhaniya muka kira shi. Luka da ya rubuta Bishara ai likita ne.

Masu cewa babu masu wannan aiki a Arewa su sake bincike. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Maiduguri, da Kware a jihar Sakkwato. Asibitocin koyarwa na Jos da Zariya da Kano ma suna da wannan sashe. A can akwai likitan ƙwaƙwalwa mai rubuta magani, akwai kuma masanin halayyar ɗan adam, wanda aikinsa zama da mutum ne mako bayan mako, yana saurarensa, yana koya masa yadda zai bi da tsoro da baƙin ciki. Tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Gwamnati ta sake tunani, mu ne muka tsaya.

Sai a ce babu kuɗi. To, nawa ne cikinmu ke da katin inshorar lafiya a aljihu, ba su taɓa tambayar abin da yake biya ba? Shirin tarayya ya fara aiki a 2005, dokar 2022 ta mai da shi NHIA, jihohi kuma suna da nasu, kamar KADCHMA a Kaduna da PLASCHEMA a Filato. A shirin ma'aikatan tarayya, katin ya haɗa da mata ko miji da 'ya'ya 4 'yan ƙasa da shekara 18.

Kada a tashi kai tsaye zuwa babban asibiti. A fara da asibitin da aka yi rajista, a karɓi takardar turawa da lambar amincewa daga kamfanin inshorar. A tambaya dalla-dalla: ganin masanin halayya yana ciki? Zama nawa za su biya? Waɗanne magunguna ne mutum zai saya da kansa? A nemi amsar a rubuce.

Muna roƙon fastoci da dattawa da zumuntar mata su ɗauki wannan nauyi. Ikkilisiyar da ke iya tara kuɗin sayen ganguna za ta iya biyan kuɗin motar gwauruwa zuwa asibiti. Mu yi mata addu'a, sa'an nan wani ya raka ta. Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.