Zare: "ma-" ɗin Hausa gado ne, ba aro ba 🧵

1/
Duk bayan 'yan watanni sai wani ya taso da maganar nan: wai "ma-" da ke farkon makaranta, masallaci da mabuɗi daga Larabci muka aro, saboda haka Hausa gurɓataccen Larabci ce. Mutane su yi ta yaɗawa kamar an gano ma'adini. To ku zo mu zauna.

2/
Mu fara da aikin da "ma-" ke yi a gida. Uku ne manya. Mai yi: noma, manomi, ƙira, maƙeri, ɗinki, maɗinki. Wuri: marina, majema, mashaya, mafaka. Kayan aiki: mabuɗi, madubi, magogi, ma'auni. Kai da kake karanta wannan, matashi ne, daga "tashi". Mahaifinka ma ta wannan hanyar sunansa ya fito.

3/
Wani abu da rubutun boko ke ɓoyewa shi ne karin sauti. Ka furta "ma'aikata" kana nufin mutanen da ke jiran albashi, sannan ka furta "ma'aikata" kana nufin ginin da suke zuwa. Haruffa ɗaya ne, amma na farko murya na sauka a tsakiya, na biyu tana sama har ƙarshe. Haka maƙera mutane da maƙera wurin zuga-zugi. Yaro ɗan shekara biyar ba ya rikita su.

4/
Yanzu Larabci. E, akwai shi. Daga kataba aka samu maktab, daga darasa madrasa, daga sajada masjid, daga fataha miftah. Wuri da kayan aiki, kamar namu. Babu mai musun kamannin. Abin tambaya, daga ina kamannin ya zo?

5/
Nan ne masu wancan ra'ayi suke tsayawa, don ba su duba gidan maƙwabta ba. A Ibrananci mabuɗi shi ne mafteah. A harsunan Berber, dangin Tamajaq na Buzaye, aker sata ne, amakar ɓarawo. A harshen Masar ta Fir'auna, aikatau na "auna" shi aka sa wa m- a gaba aka samu sunan sikeli. Wato ma'auni, sak yadda mu ma muka yi.

6/
Ku tsaya a kan wannan na ƙarshe. Mutanen da suka gina dala tun kafin Larabci ya shiga Masar da shekaru dubbai, a wajen wa suka ari nasu m-?

7/
Amsar ba sabuwa ba ce. Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963 kan harsunan Afirka, ya sa Hausa da sauran harsunan Cadi cikin babban dangi guda da Larabci, Ibrananci, Berber, tsohon harshen Masar da harsuna irin su Somali. Ana kiran dangin Afro-Asiya. Kaka ɗaya, 'ya'ya suka watsu. In kai da ɗan baffanka kuna da hanci iri ɗaya, ba aron nasa ka yi ba.

8/
Wani zai ce ai akwai majalisa. Gaskiya ne, wannan majlis ce, da "ma-" ɗinta muka karɓe ta. Hausa ta ari kalmomin Larabci da yawa ta hanyar addini, karatu da fatauci, kuma babu abin kunya a ciki. Amma aron kalma daban, aron injin ƙera kalma daban.

9/
Hujjar da na fi so tana cikin misalan nasu ma. Masallaci. Da kwaikwayo muke yi, da masjid muka ɗauka. Abin da aka yi shi ne, an karɓi "salla", aka zuba ta a kwamin Hausa, aka fitar da wurin yin ta. Makaranta ma haka: Balarabe ya ce madrasa, mu muka ce wurin karatu. Tubalin baƙo ne, maginin na gida. (Magini. Kun gani?)

10/
Ga kuma ɗaya ɓangaren, waɗanda duk inda suka ji "ma" a duniya sai su ce Hausa ce uwar harsuna. Ku ma ku zauna.

11/
A Suwahili "ma-" jam'i yake yi: tunda ɗan itace ɗaya, matunda da yawa, jina suna, majina sunaye. Yana kuma zuwa a abubuwa masu ruwa-ruwa, maji ruwa, maziwa madara. Ba mai yi ba, ba wuri ba, ba kayan aiki ba. Suwahili ɗan gidan Bantu ne, wani dangi daban. A Tagalog na ƙasar Filifin siffa yake ginawa: ganda kyau, maganda kyakkyawa. Sautin "m" da "a" na cikin waɗanda jariri ke fara furtawa, ba mamaki a same su ko'ina. Dangantaka sai sauti da aiki sun dace tare, a kalmomi masu yawa.

12/
Me ya sa na damu? Saboda masu cewa "ma-" aro ne, su ne dai gobe za su ce Hausa ba ta iya ɗaukar kimiyya, sai an cusa Turanci a kowace jimla. Alhali injin na nan yana aiki. Manema labarai, masana, matattarar bayanai, madannai na kwamfuta, duk ba mu nemi izinin kowa ba.

13/
Mai son zurfafawa, Paul Newman ya yi bayanin waɗannan sifofi dalla-dalla a babban nahawunsa na Hausa na shekarar 2000. Kafin nan ga aikin gida: ku jero min kalmomin "ma-" na garinku da ba a ji a Kano. 'Yan Sakkwato, Damagaram da Maraɗi, ku nake jira musamman.