Kafin Ɗan Gwangwan Ya Auna Motar Baba Da Kilo

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta ratsa Kornaka zuwa Dakoro, ya kuma zarce ƙauyukan ƙaramar hukumar Roumbou, ba zai rasa cin karo da irin wannan ba: tsohuwar mota a bayan danga ko ƙarƙashin aduwa, tayoyi sun sace, rairayi ya binne su rabi, kaji sun mayar da kujerar baya wurin saka ƙwai. Wata Peugeot 404 ce, wata 504 a-kori-kura, wata kuma Land Rover ko tsohuwar Land Cruiser. A zamaninta ita ke kai buhunan gero da wake kasuwa, ita ke ɗaukar amarya, ita ake tasa da tsakar dare idan naƙuda ta yi gardama. Yau ba mai zuwa dubanta sai ɗan gwangwan da ma'auninsa.

A daidai wannan lokaci, ɗan mai motar yana Yamai ko Kano, ko yana ci-rani a Aljeriya, Libiya ko Turai. Idan ya tashi aiki sai ya buɗe YouTube yana kallon wani Ba'amurke da ya jawo ruɓaɓɓiyar Ford Mustang daga rumbun gona, ya shigar da ita garejin gidansa, ya shekara biyu yana kwancewa yana ɗaurawa har ta koma kamar yau aka ƙera ta. Ya kalla, ya yaba, ya tura wa abokai. Da ƙaninsa zai kira daga gida ya ce an yi tayin motar Baba, sai ya ce a sayar, ai ƙarfe ne kawai.

Wannan hukunci yana buƙatar a sake dubansa. Ba kowace tsohuwar mota ta cancanci gyara ba, amma da yawa daga cikin waɗanda ake farfasawa sun cancanta, kuma abin da ake asara idan aka auna su ya wuce ƙarfe.

Motocin da Amurkawa ke zuba wa dukiya suna da zamaninsu. A ƙarshen shekarar 1963 aka fito da Pontiac GTO, a watan Afrilun 1964 kuma Ford ta fito da Mustang, daga baya Chevrolet Camaro da Dodge Charger suka biyo. Motoci ne masu injin silinda takwas, wasu girman injinsu ya kai lita 6 zuwa 7, an yi su ne don gudu a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta a lokacin da fetur ke da araha. Tsauraran dokokin hayaƙi na 1970, da tsadar inshora, da takunkumin mai da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba a watan Oktoban 1973, su suka kashe kasuwarsu. Masu gyara su a yau yawanci ƙuruciyarsu suke nema, ko ta iyayensu.

Ƙasar Hausa ita ma tana da motar wancan zamani, sai dai ƙarfinta na juriya ne. A 1968 kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504, wadda jama'a ke kira Fijo, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta lashe gasar Safari ta Gabashin Afirka, tseren da ya yi suna wajen karya motoci. A wannan shekara ta 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara aiki, kuma ta ci gaba da haɗa 504 shekaru da dama bayan Faransa ta daina ƙera ta. Daga Kaduna motar ta cika Kano da Katsina, ta tsallako Jibiya da Ɗan Isa ta shigo Maraɗi. Wadda ta gabace ta, wato 404, tun 1960 take. Land Cruiser samfurin 40 an ƙera ta daga 1960 zuwa 1984, kuma wadda ta gaje ta, samfurin 70, har yanzu ana yin ta saboda masu hanyar daji ba su sami madadinta ba.

Dalilin farko na gyara irin waɗannan motoci shi ne hanya. Roumbou tana yankin kwarin Tarka, inda ƙasar noma ke haɗuwa da ta kiwo. Da an sauka daga babbar hanya sai rairayi, da damina kuma kwari da laka. Mai kai dabba kasuwar Sakabal ko mai kai mara lafiya Dakoro ba ruwansa da allon taɓawa ko kujera mai ɗumi. Mota yake so mai tsayi daga ƙasa, wadda idan ta tsaya a daji za a buɗe bonet a ga abin da ya same ta. Injin 504 na fetur kafireta gare shi da fulogi huɗu, ba kwamfuta. Motar zamani kuwa idan ƙaramar na'ura ɗaya ta rikice, sai an nemo mai injin bincike daga birni, wani lokaci sai an ɗora ta a kan wata motar.

Dalili na biyu tsada ce. Shekara da shekaru motocin hannu na Turai ta tashar Kwatano suke shigowa Nijar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Nijar da Benin ta rufe, kaya suka koma zagayawa ta Lome da Burkina Faso, kuɗin hanya ya hau kan farashi. Motar da ke bayan gida kuwa ta riga ta iso, an biya kwastan ɗinta tun mai ita yana saurayi. Sannan busasshiyar iskar Sahel ta yi mata gata: ba ruwan gishirin bakin teku, ba gishirin da Turawa ke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, don haka tsatsa ba ta cin ƙarfe da sauri. Rana kan ƙone roba da wayoyi da kujeru, ƙura kan cinye cikin inji, amma waɗannan duka ana sauya su.

Dalili na uku shi ne mafi girma, kuma shi ne ba a faye magana a kai ba: ilimin da ke hannun tsofaffin makanikai. Akwai dattawa a garejojin Dakoro da Maraɗi da suka tashi a kan waɗannan injuna, masu jin ƙarar mota su faɗi inda ciwon yake, masu iya saita kafireta da kunne, su wanke lagireto, su yanka gaskit da hannu. Suna tsufa. Yaran da ke tasowa da yawansu cire-ka-sa suka iya: a ciro wanda ya lalace, a sayo sabo a ɗaura. Babu makarantar da ta fi tsohuwar mota koyar da yadda inji ke aiki, domin komai nata a fili yake. Yaron da ya kwance injin 504 tun daga kai har gindi ya mayar da shi ya tashi, gobe injin ban-ruwa, injin niƙa, janareta ko babur ba za su gagare shi ba. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Idan motocin suka ƙare a tukunyar narka ƙarfe, dattawan kuma suka kwanta dama, wannan ilimi ba a bidiyo za a same shi ba.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Tsohuwar mota tana shan mai. 504 ta fetur kan sha lita 10 ko fiye a kilomita 100, a cikin rairayi kuma abin ya ƙaru. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, fetur mai araha da ake tsallakowa da shi jihar Maraɗi ya zama tarihi, matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a 2011 kuma ba kullum take wadatar da ƙasa ba, kamar yadda layukan gidajen mai suka nuna a watan Maris na 2025. Ga batun tsaro: motar 1975 ba ta da jakar iska, birkinta bai kai na zamani ba. Ga kuma haɗarin da kowane mai tsohuwar mota ya sani, a fara gyara da niyyar wata uku a wayi gari an shekara uku ana zuba kuɗi.

Waɗannan hujjoji iyaka suke shata wa aikin. Motar da aka gyara ba ta tseren Maraɗi zuwa Yamai ba ce a kowane mako. Ta ranar kasuwa ce, ta lokacin girbi, ta larurar dare. A irin wannan aiki, abin da za a gwada ta da shi amalanken shanu ne ko babur mai ɗauke da mutum uku da buhu. Kuma motar da ƙashin bayanta ya karye ko ya ruɓe, a bar wa ɗan gwangwan, bayan an ciro duk abin da zai amfani wata.

Wanda ya yanke shawarar gyarawa, aikin ba da sifana yake farawa ba. Idan mai motar ya rasu, motar gado ce, kowane magaji yana da haƙƙi a cikinta, mata da maza. A zauna da 'yan'uwa gaban dattawa ko malami, a yi mata kuɗi, mai so ya biya saura ko a amince a rubuce cewa ta gida ce. Motar da ba wanda ya kula da ita tana ƙarƙashin aduwa, ranar da ta tashi kowa zai tuna ubansa ne ya saye ta. Daga nan sai takardun mallaka, a tabbatar lambar da ke jikin shasi ta dace da wadda ke takarda.

Garejin gida a Roumbou rumfar zana ce ko inuwar bishiya, kuma ya isa, muddin an share wuri an shimfiɗa tamfol don kada ƙananan kusoshi su ɓace a rairayi. A fara duba shasi. Kada a yi gaggawar ɗaura batir a murɗa makulli: a ciro fulogi, a zuba ɗan mai a silinda, a bar shi ya kwana biyu, a juya injin da hannu a ga ko yana motsi. A zubar da tsohon fetur, a wanke tanki, a sauya baƙin mai da robobin ruwa. Birki da sitiyari da taya su ne gaba da komai, fenti shi ne na ƙarshe. Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da fenti don a ɗauki hoto, a bar birkin da ya shekara ashirin ba a taɓa ba. Kowane abu da za a kwance a ɗauki hotonsa da waya tukuna, a zuba kusoshinsa a gwangwani daban. Kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, balle a ƙasa mai rairayi. A tokare da kututture mai ƙwari. Ƙurar tsohon birki kan ƙunshi sinadarin asbesto mai illa ga huhu, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura da baki. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka, nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

Kayan gyara ba su gagara ba tukuna. Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna da Katako a Yamai wurare ne da aka sani da tsofaffin kaya da masu ƙera abin da ya ɓace a kasuwa. Sai dai kowace motar da aka narka tana rage abin da ya saura, shi ya sa jinkiri ke da tsada.

Ga ɗan ci-rani mai turo kuɗi, hikimar ita ce kada ya turo su a dunƙule. A raba aikin mataki-mataki, a yi jinga da makanike a kan kowane mataki, a turo hoto da bidiyo kafin a wuce gaba. Sharaɗi ɗaya kuma ya kamata ya kafe a kai: ƙaninsa ko ɗan yayansa da ke zaune ba aiki ya zama yaron makaniken tun daga ranar farko har ranar da motar za ta tashi. Ko da aikin ya ci fiye da abin da aka tsara, gida ya sami mota, ya kuma sami mai sana'a.

Wasu ƙasashe sun riga sun ga amfanin haka. A Kuba, takunkumin Amurka ya tilasta wa mutane riƙe motocin shekarun 1950, suna ƙera musu kaya da hannu, yau su ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a birnin Habana suna ciyar da iyalai. A Amurka da Turai tsohuwar Land Cruiser samfurin 40 da aka gyara da kyau ta zama abin nema mai tsada. A Legas, motar Mercedes da aka kashe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976 tana ajiye a gidan tarihi, domin mota ma takan riƙe labarin mutane. A-kori-kurar da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Roumbou da Dakoro ba za ta shiga gidan tarihi na Boubou Hama da ke Yamai ba, amma ita ma tana ɗauke da labarin gidan da ta ciyar.

Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba. Ranar da aka sake kira daga gida aka ce ɗan gwangwan ya zo da tayi, abin da ya dace a ce shi ne ya dakata mako guda, a kira dattijon makanike daga Dakoro ya leƙa ƙarƙashinta. Idan ya ce ta mutu, a sayar ba tare da nadama ba. Idan kuwa ya ce da sauranta, kuɗin kilo ba zai kai ƙarshen wata ba, alhali motar tana iya ƙara shekaru tana aiki.