Shatar mota zuwa Tibiri da Jiratawa: wa zai ba baƙo labari?

Sanin kowa ne birnin Maradi ba ya rabuwa da baƙi. Wani ya zo daga Yamai cikin aikin hukuma, wani daga Kano ko Katsina wajen biki ko fatauci, wani kuma ɗan gari ne da ya daɗe a Kwatano ko Abijan, ya dawo da ƴaƴan da ba su taɓa ganin garin kakanninsu ba. In an ci an sha an huta, sai maigidan da ya sauke su a unguwar Zariya ya ce gobe za a kai su su ga ƙasa. To, ba kowa ke da mota ba, mai ita ma ba kullum yake da sukuni ba. Sai a aiki yaro tasha ya nemo direba, a ɗauki shatar motarsa ta yini guda: Tibiri da safe, Jiratawa bayan azahar, in rana ta yi saura a ƙarasa tabkin Madarunfa.

Wajen ciniki ana iya share rabin sa'a ana ja-in-ja a kan kuɗin esansi. Ana duba tayoyi, ana tambaya ko motar tana da sanyi. Amma da wuya a sami wanda zai tambayi direban ko ya san wanda ya kafa garin da za shi, alhali kuwa daga fita Zariya har dawowa shi kaɗai ne bakin da baƙon nan zai saurara. Abin da ya faɗa shi za a ɗauka a tafi da shi Yamai ko Kano, a maimaita wa ƴaƴa da abokan aiki, kowa na cewa ai a can wurin aka gaya mishi.

Tafiyar kanta ba wata tafiya ba ce. Daga Maradi zuwa Tibiri bai kai kilomita 15 ba, haka ma Jiratawa ta wajen kudu. Ɗan kabu-kabu ma yana iya kai mutum ya dawo da shi kafin shayi ya huce. Saboda haka wanda ya ɗauki shata yinin direba ya saya, da saninsa na hanya da mutane da ƙofofin da za a ƙwanƙwasa. In direban bai san komi cikin waɗannan ba, an biya kuɗin yini a kan aikin sa'a guda.

Akwai abin da ya sa maganar ta fi nauyi a Maradi bisa ga wasu garuruwan Nijar. Wanda ya je Agadas, hasumiyar babban masallaci tana tsaye tana yi wa kanta magana, kuma tun 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya. Wanda ya je Damagaram yana ganin fadar sarki da lungunan Birni da idonsa. A kwarin Maradi kuwa ginin ƙasa ne, ruwa ya ci da yawa daga cikinsa. Tsohon garin Maradi yana ƙasa ne, kusa da gulbi. Ambaliyar 1945 ta rushe shi, Turawan mulki suka maido da jama'a bisa tudu, suka yanka filaye da tituna miƙaƙƙu kamar layin dara. Unguwanni irin su Bagalam, Ƴandaka, Maradawa, Limanci, Mokoyo da Ɗan Gulbi sun hau tudu da sunayensu, Zariya da ire-irenta kuwa sai daga baya da gari ya bunƙasa. Baƙon da aka gangara da shi kwari yau gonaki da lambuna zai gani. In ba a sami mai ce mishi nan ne garin yake a da ba, zai leƙa ta tagar mota ya ce a wuce.

Tambayar da kusan kowane baƙo ke yi a gaban fadar Maradi ita ce: me ya sa ake kiran sarkin nan Sarkin Katsina, ga shi kuwa birnin Katsina yana cikin Nijeriya? Amsar ba ta da tsawo. A 1807 mayaƙan jihadi suka ci Katsina, gidan sarautar da ke mulki ya fito ya yi arewa. Ɗan Kasawa ya fake ta wajen Damagaram, wajen 1819 ya zo ya zauna Maradi, bai kuwa ajiye sunan sarautar kakanninsa ba, magadansa ma ba su ajiye ba. Da Faransa da Ingila suka daidaita kan iyaka a 1904 da 1906, Maradi ta faɗo wannan gefe, Katsina wancan. Magana ce da ba ta fi minti biyu ba, amma direbobi nawa ne a tasha za su iya kawo ta daidai?

Ta Tibiri ta fi haka ruɗarwa. Da an ce Gobir, sunan da ke zuwa bakin kowa shi ne Bawa Jan Gwarzo. Saboda haka ba abin mamaki ba ne direba ya tsaya ƙofar fada, ya juyo ya ce wa baƙo: «Alhaji, nan ne gidan Bawa.» Alhaji kuwa ya ɗaga salula ya ɗauki hoto, ya aika wa iyalinsa. Bawa a Alkalawa ya yi sarauta, cikin ƙasar Nijeriya ta yau, kuma ya rasu kimanin shekara 40 kafin a kafa Tibirin nan. Alkalawa ta faɗi a 1808, aka kashe Sarki Yunfa. Gobirawa suka yi ta gwagwarmaya har yaƙin Gawakuke a 1836, inda rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ta kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda na Maradi rana ɗaya. Bayan wannan masifa ce Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tibiri, tare da goyon bayan Ɗan Mari na Maradi. Wanda ya san haka zai gane abin da ya sa manyan fadoji biyu, waɗanda hukuma ta ɗaga zuwa matsayin sultan a 2010, suke zaune kusa da juna kamar ɗaki da zaure: ƴan gudun hijira ne biyu da suka jingina da juna don kada a cinye su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai sani ba zai ga bango da dogarai, ya koma mota. Ba zai ma ji cewa a Tibiri akwai Inna, a Maradi akwai Iya ba, matan da ke riƙe da sarauta tasu ta kansu tun zamanin da.

Direba ba shi da laifi a nan, ko kuwa laifinsa kaɗan ne. Baƙo ya yi tambaya, shi kuma yana jin kunyar ya ce bai sani ba a gaban wanda ya biya shi, sai ya kawo abin da ya tsinta a hirar tasha. Wasu za su ce aikin direba tuƙi ne, tarihi kuwa yana da masu shi: fadawa, maroƙa, makaɗan sarki da dattawan unguwa, ga kuma malaman jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a maida direba malamin tarihi. Sai dai malamin jami'a ba ya cikin motar, bafade kuma ba ya fitowa titi neman baƙi. Tsakanin baƙo da masu sani akwai tazara, direba ne kaɗai ke tsaye cikinta. Abin da ake bukata gare shi kaɗan ne: sunaye biyar ko shida da shekarunsu, sanin wanda za a yi wa sallama a kowace fada, da ƙarfin halin cewa «ranka ya daɗe, wannan sai mu tambayi mutanen gidan».

Ladabin wuri ma yana cikin aikin. Fada gidan mutane ne masu rai, ana shari'a ana sulhu a cikinta. Ba a faɗa mata kai tsaye, ba a shiga gaban sarki da takalmi, ba a ɗaukar hoto sai an nemi izini, kuma mai hankali ba ya zuwa hannu sake ba ko ɗan goro. Haka nan a Madarunfa, inda jama'a ke ziyarar kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tabki, wurin da Nijar ta gabatar wa UNESCO a 2006 tare da dajin da ke kusa. Baƙon da ya sauko yana ta hayaniya da dariya a inda wasu ke addu'a, kunyar ba tasa ba ce shi kaɗai, har da wanda ya kawo shi. Jiratawa kuwa, wadda yau aka fi saninta da noman rani da zogalen da ke cika kasuwanni, tsohon gari ne na kwarin gulbi, kuma manomin da ke tsakiyar ban ruwa ba abin kallo ba ne. A yi mishi sannu da aiki tukuna.

To, in ana son direba ya ɗauki wannan nauyi, sai a biya shi haƙƙinsa, a nan kuwa masu ɗaukar shata suke da nasu laifi. Da yawa suna lissafin kilomita su ce ai Tibiri nan ce kusa, su manta da sa'a uku da mutumin zai yi zaune cikin rana a ƙofar fada, motarsa a kashe, takwarorinsa na ta lodi a tasha. Wasu su shiga cin abinci su bar shi waje kamar ba ɗan Adam ba. Galibi kuma motar ba tasa ba ce, akwai mai ita da ke jiran kuɗinsa da maraice. Tun da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023, esansin bakin hanya da aka saba samu da araha ya daina zama abin dogaro, lissafin da ake yi shekarun baya bai ci yanzu. Direban da aka matse wajen ciniki shi ne wanda zai yi ta duban agogo, yana cewa ai ba wani abin gani a ciki, a zo a tafi.

Maganin rigima shi ne a gama magana kafin a tada mota: garuruwan da za a je, lokacin fita da na dawowa, wanda zai zuba mai, abincin direba, da abin da za a ƙara in an wuce lokaci. A faɗi kuɗin da baki, a kuma rubuta shi da lamba, domin mutumin Maradi da dala da jika yake lissafi, dala tana tamma 5, jika tana tamma 1000, baƙon Kano kuwa kansa na can wajen naira. Wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci ya isa ya rubuta wannan a rabin takarda, kowa ya sa hannu. A duba permi da asiransi, domin jandarma ba zai karɓi uzurin cewa baƙi ne aka ɗauko ba. Kuma tun wajen 2019 da ƴan bindiga suka addabi wasu ƙauyukan kan iyaka cikin Madarunfa da Gidan Rumji, mai niyyar yin nisa ya tambayi hukuma halin da hanya take ciki, ya kuma shirya dawowa kafin magariba. Direban da ya ce ba zai bi wata hanya da yamma ba, a saurare shi, ya fi baƙo sanin abin da yake gudu.

Akwai wata magana da ta shafi ma'aikata. Ba ɓoyayyen abu ba ne, wani in ya yi baƙi ranar hutu, motar aiki yake fitarwa da direban aiki da man hukuma, a je yawon Tibiri. Motar nan don aikin jama'a aka saye ta, direban kuma ranar hutunsa ce aka cinye ba lada. Ma'aikacin da ke son ya girmama baƙonsa ya sa hannu aljihu ya ɗauki shata kamar kowa, kuɗin ya shiga gidan wani talaka.

Sauran aiki na hukumar birni ne da sandikar direbobi da fadojin biyu, kuma ba ya bukatar jiran taimakon waje. A zaunar da malaman tarihi na jami'a da dattawan fada su fitar da ɗan littafi da Hausa, shafi goma ko sha biyu, mai ɗauke da sunayen sarakuna, shekaru, da abin da ake yi da wanda ba a yi a kowane wuri. Inda riwayoyi suka saɓa, kamar shekarar zuwan Ɗan Kasawa, a rubuta cewa sun saɓa. Tun da dokar ƙasa ta 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa, ba sauran dalilin da zai sa irin wannan takarda ta fito da Faransanci kaɗai ta kwanta cikin durowar ofis. Sandika ta zaɓi direbobin da suka iya karatu kuma suke so, a yi musu bita ta kwana biyu ko uku, a kai su fadar Maradi da ta Tibiri a gabatar da su ga fadawa don a san fuskokinsu. A ba kowane ɗaya kati mai hoto, a manna sunayensu a tasha da masaukan baƙi tare da farashin yini da na rabin yini da aka amince da shi.

Jirgin ƙasan Kano zuwa Maradi, wanda aka aza harsashin hanyarsa a 2021, in Allah ya sa ya iso, zai sauke Katsinawa da Kanawa masu yawa da za su so ganin inda dangin sarakunansu na da suka zauna. Motocin tasha ne za su tarbe su. Kafin ranar, maigidan Zariya da zai aiki yaro neman direba gobe da safe yana iya ƙara mishi saƙo guda: ya tambayi direban wa ya kafa Tibiri, in ya ce Bawa, a nemo wani.