Jinjina ga Masu Tonon Littattafan Paris, Amma da Sauran Aiki

Masana tarihin kimiyya sun cancanci jinjina, musamman Pierre Duhem na Faransa, wanda ya rasu a 1916, da masu bin sahunsa irin su Edward Grant na Amurka. A da, abin da aka saba ji shi ne Turai ta yi shekara dubu cikin duhu, coci ta sa wa hankali takunkumi har Galileo ya bayyana. Masanan nan ne suka duƙufa kan tsofaffin rubuce-rubucen Latin, suka nuna cewa ba a nan gizo ke saƙa ba.

Gaskiya ne a 1210 an hana karantar da littattafan Aristotal masu bayanin ɗabi'ar halitta a Paris. Amma a 1255 littattafan nan ne aka wajabta wa ɗalibai. Albert Mai Girma, malamin tauhidin Kirista, ya yi rubutu kan tsirrai da dabbobi da ma'adinai, yana auna maganar magabata da abin da idonsa ya gani. Almajirinsa Thomas Aquinas ya ce hankali kaɗai ba zai tabbatar da cewa duniya tana da mafari ba, wahayi ne ya sanar da haka. A 1277 kuma Bishop Etienne Tempier ya haramta maganganu 219, ciki har da cewa Allah ba zai iya halittar duniyoyi da yawa ba. Sai malamai suka sami ƙofar tambaya: to da Ya halitta su, yaya za su kasance? Daga baya Nicole Oresme ya jero hujjoji cewa ƙasa tana iya juyawa, ko da yake ya koma ya ce a tsaye take. Duhem ya ɗauki 1277 a matsayin shekarar haihuwar kimiyyar zamani. A nan kam ya wuce gona da iri, domin hukuncin ya zo ne da barazanar korar mai saɓa masa daga coci.

Sai dai da sauran rina a kaba. Da yawa daga abin da aka yi gardama a kansa ta Larabci ya iso. Gerard na Cremona ya ƙare rayuwarsa yana fassara a Toledo, Michael Scot kuma ya mayar da sharhin Ibn Rushd kan Aristotal zuwa Latin, har malaman Paris suka riƙa kiran Ibn Rushd da Mai Sharhi kawai. Masana tarihin sun san haka, amma bai isa kunnen ɗalibi yadda ya kamata ba.

Mu ma da namu laifin. Ibn Rushd ɗin nan, alƙalin Kurɗuba da ya rasu a 1198, shi ne mai Bidayatul Mujtahid da malamanmu na fiƙihu ke karantarwa, amma kaɗan ne ke gaya wa almajirai yadda sharhinsa ya girgiza Paris. Malaman tarihi da na falsafa a jami'o'inmu, ku rubuta mana wannan babi da Hausa.