Tukunya a Labarin "Da A Ce"

Akwai wani nau'in ƙagaggen labari wanda marubuci kan karkatar da akalar tarihi a cikinsa, ya tambaya: da a ce abu kaza bai auku ba, yaya duniya za ta kasance? Misalinsa shi ne littafin Kim Stanley Robinson na 2002, inda annoba ta shafe mutanen Turai, mulki ya koma hannun Musulmi da Sinawa. A adabin Hausa, Ganɗoki na Bello Kagara (1934) ya kusanci wannan fage, amma bai sauya sakamakon yaƙin Turawa ba.

Wajibi ne duk marubucin da ya sauya tarihi ya sauya abin da ke cikin tukunya, domin abinci ma ɗan tarihi ne. Masara da rogo da gyaɗa da barkono da tumatir duk daga nahiyar Amurka suka fito, bayan tafiyar Kolumbus ta 1492. Saboda haka labarin da ya ce ba a taɓa yin wannan tafiya ba, sannan ya kawo tuwon masara da ƙuliƙuli gaban sarki, ya ƙaryata kansa. Abin da ya dace da akushinsa shi ne gero da dawa da acca, da miyar kuka mai daddawa, da yajin masoro da kimba.

Kaduna ta isa misali. Birni ne da Lugga ya zaɓa, aka mayar da hedkwata cikinsa daga Zungeru a 1917. A nan aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956, aka sake yin wani a bikin FESTAC na 1977. Da a ce Turawa sun zauna a Zungeru, da wuya teburin mai shayi da burodi ya cika Tudun Wada da Kawo, da wuya kuma a ga cokali mai yatsu a liyafar sarakuna a bakin wannan kogi. Wanda ya ci da hannu, da wanda aka fara miƙa wa akushi, su ne ke nuna mai mulki, tun da tuwon girma miyarsa nama.

Wasu za su ce ƙagaggen labari ba jarrabawar tarihi ba ne. Gaskiya ne, amma mai karatu kan yafe wa marubuci aljani, ba ya yafe masa miyar da ba ta yi daidai da zamaninta ba. Ya kamata ɗaliban da ke sha'awar wannan fanni su fara bincike daga madafa kafin su shiga fada.