Mai Kuka Ake Kamawa, Ko Mai Kisa?

Jama'a, a watan Fabrairun 2020 'yan bindiga suka kashe mutum 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar da ke Batsari. A watan Yunin shekarar matasa suka yi zanga-zangar lumana a Katsina kan kashe-kashen da suka ƙi ƙarewa. Me ya biyo baya? 'Yan sanda suka tsare jagoransu, Nastura Ashir Shariff na Gamayyar Ƙungiyoyin Arewa, a Abuja, sai da aka yi ta surutu kafin a sake shi.

Haba! A doke ka kuma a hana ka kuka? Sashe na 39 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa. Manomin Tsaskiya da tsoro ya raba da gonarsa, in ya ce gwamnati ta gaza, bai yi laifi ba.

Amma fa ba kowace magana ce kuka ba. Wanda ya hau Facebook ya ce duk Bafulatani ɗan ta'adda ne, a gama da shi, wuta yake hurawa, kuma shi ya kamata hukuma ta nema. Haka ɗan sa-kan da ya kashe makiyayi a kasuwa don ƙabilarsa kawai, laifinsa ɗaya da wanda ya ƙone ƙauyen Hausawa. Duk ranar da ɗan sanda ya kau da kai daga ɗayansu, dangin mamacin za su nemi ramuwa da hannunsu.

A kama mai kisa da mai zuga shi, ko ɗan waye. A ƙyale mai kuka ya yi kukansa. Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.