Yaran Hausawan Makka da Karatun Wasan Kwaikwayo

Duk alhajin da ya taɓa ratsa Shara Mansur ko Misfala a birnin Makka ya san ba ya bukatar tafinta kafin ya sayi tuwo ko ya tambayi hanya. Hausawa sun daɗe a wannan gari. Kakannin wasunsu a ƙasa suka taho ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna noma ko ƙwadago, har su yi shekaru kafin su ƙetare Bahar Maliya. Wasu kuma tarzomar 1903 ce ta kwaso su, bayan da Turawa suka ci Sakkwato, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, mabiyansa suka ci gaba da nausawa gabas. Da yawa daga jikokinsu 'yan ƙasar Saudiyya ne a yau, ana yi musu laƙabi da Hausawi, kamar Usama Hausawi, haifaffen Makka, wanda ya jagoranci 'yan ƙwallon ƙasar a gasar cin kofin duniya ta 2018.

Sai dai Hausar da ta rage a irin waɗannan gidaje ta kunne ce. Yaro da Larabci yake karatu a makaranta, da shi yake rubutu, Hausa kuwa sai wajen gaida kaka ko jin faɗan uwa. Da can unguwa ce ke riƙe harshen, to ga shi ayyukan faɗaɗa birnin sun rushe sassan tsofaffin unguwanni, dangi sun warwatsu. Harshen da ba a karanta shi, kuma aka rasa maƙwabtan da za a yi shi da su, ba ya wuce jika. Iyaye da yawa sun san haka, amma in uba ya miƙa wa ɗansa littafin Hausa ya ce je ka karanta, yaron zai ɗauke shi tamkar horo.

Hanyar da ta fi dacewa da irin wannan yaro ita ce a ba shi wasan kwaikwayo rubutacce, a haɗa shi da 'yan'uwansa uku ko huɗu, a raba musu sunaye, kowa ya karanta nasa rabon da babbar murya. Ba a bukatar dandamali ko kayan shiga, ba a kuma bukatar hadda, domin takarda tana hannun kowa. Dalilin da ya sa wasa ya fi ƙagaggen labari a nan shi ne, maganar baka ce aka zuba a takarda: gaisuwa, ciniki, gardama, ba'a. Duk yaron ya saba jin su a gida. Aikinsa kawai ya gane a rubuce abin da kunnensa ya riga ya sani.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi rubutun boko kansa, wanda ɗalibin Hausa baƙo ma ya san zafinsa. Boko ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar da aka rubuta kuka tana iya zama bishiya, ko hawaye, ko wakilin suna. Gari yana iya zama wurin zaman jama'a, yana iya zama abin tuƙa tuwo. Mai karatu a zuci zai iya tsallake kalma bai gane ta ba, babu wanda ya sani. Wanda yake karanta rabon mai gida a gaban ƙannensa kuwa, da zarar ya karkace murya sai a fashe da dariya, dole ya koma ya nemi ma'ana. Haka zai maimaita layi sau biyar ba tare da an tilasta shi ba. A shekarar 2000 wani kwamitin masana da Majalisar Dokokin Amurka ta sa aka kafa ya bayyana cewa maimaita karatu da baki, tare da mai gyara, yana ƙara wa yara sauri da fahimta. Matsalar kullum ita ce yaro yana ƙosawa da maimaici, wasa kuwa yana ba shi dalilin yin sa.

Littattafan suna nan. Tun shekarun 1930 R. M. East ya fitar da wasanni shida a Zariya saboda 'yan makaranta. Abubakar Tunau ya rubuta Wasan Marafa a kan tsabta, Umaru Dembo ya yi Wasannin Yara. Na Shu'aibu Maƙarfi, Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, a rediyo aka fara jin su kafin a buga, shi ya sa suke da daɗi a baki, ko da yake jigonsu na manya ne, sai uba ya duba kafin ya miƙa. Labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam ma cike suke da zance, ana iya yanka su: wannan mai ba da labari, wannan aku, wancan waziri.

Ko shakka babu, za a sami mai cewa Makka ba wurin wasa ba ce. Wannan magana tana da tarihi. Ahmad al-Siba'i, malamin makaranta kuma ɗan jarida, wanda aka haifa a Makka a 1905 ya rasu a 1984, shi ne ya rubuta Sullam al-Ƙira'a, jerin littattafan koyon karatun Larabci na yara. A farkon shekarun 1960 ya gina gidan wasa a birnin, ya horar da matasa, ya shirya wasa a kan buɗe Makka, amma aka hana kafin ranar farko. Abin lura shi ne mutumin da ya fi damuwa da karatun yara shi ne ya ga amfanin wasa. Zamani ya juya, har gwamnatin Saudiyya ta kafa hukumar wasan kwaikwayo a 2020, amma ba kowane gida ne ya sake ra'ayi ba, kuma ba daidai ba ne a raina damuwar iyaye.

Abin da ake nema a nan bai kai inda suke tsoro ba. Yara ne 'yan gida ɗaya a zaune a falo, kowa da takardarsa. Bahaushe bai taɓa ɗaukar karatu abin yi a ɓoye ba: a makarantar allo da ƙarfi ake yi, a tafsirin azumi ma murya biyu ce, mai jan baƙi da mai fassara. Hasali ma, yaran ƙasar Hausa sun daɗe suna kwaikwayo a tashe cikin watan azumin nan.

Wahalar da ta fi wannan ita ce ta haruffa. Yaran sun san baƙaƙen Larabci, sun kuma san na boko ta darasin Ingilishi, saura ɓ da ɗ da ƙ da 'y, waɗanda ana iya koya musu a zama ɗaya. Wanda boko ya yi masa nauyi, a rubuta masa rabonsa da ajami. Mai gyara kuwa tana cikin gida: kaka, ko da ba ta iya karanta harafi ɗaya ba, tana jin an ce gari a inda ake nufin garin tuwo za ta tsayar da mai karatu.